Tsuntsun da ke da fiffike, me zai hana shi ƙaura?

Wani malamin sakandare daga Daura ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana koyar da ilimin halittu, sai ya kawo wa ɗalibansa labarin wata tsuntsuwa da ke dajin kan duwatsu tsakanin Najeriya da Kamaru, wadda aka ce ta kusa ƙarewa saboda sarar daji. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba tana da fiffike ba? In an sare dajinsu ta tashi ta koma wani mana." Malamin ya ce amsar da ya bayar shi kansa ba ta gamsar da shi ba. Ya ƙara da tambaya biyu tasa: me zai hana a kama tsuntsuwar a kiwata a keji kamar kanari, kuma mu da ke Katsina da Daura ina ruwanmu da ita?

Malam, Allah ya ƙara basira. Yaron nan ka riƙe shi hannu biyu, domin ya sa yatsa daidai inda maganar take. Ni ma da na fara aikin binciken tsuntsaye haka nake tunani, kuma ba laifinmu ba ne. Tsuntsayen da muka tashi muna gani a ƙasar Katsina da yawansu matafiya ne. Shamuwa takan zo mana gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, in ruwa ya ɗauke ta kama hanya har kudancin Afirka. Jan baki yana bin ƙwayar ciyawa da gero duk inda suka nuna. Balbela tana bin garke. Ƙasarmu rani yake cinye fiye da rabin shekararta, don haka tsuntsayenmu da yawa sai da tafiya mai nisa suke rayuwa. Wanda ya girma yana kallon waɗannan, in aka ce masa akwai tsuntsun da fili mai tsawon gona ɗaya yake tsare wa hanya, dole ya yi shakka.

Tsuntsuwar da nake ganin ka karanta labarinta ita ce wadda zan kira sudar Dutsen Kupe, wani dutse da ke Kamaru, masana kuma suna ce mata Chlorophoneus kupeensis. Ban ce mata suda don ƙawa ba. Sudar nan tamu mai baƙin kai da jan fiffike, wadda ke fito a cikin sabara da geza a bakin gona, wadda muke yi wa mai yawan magana kirari da ita, danginsu ɗaya da ta Kupe. Ita ta Kupe girmanta bai wuce tafin hannu da ɗan ƙari ba. Bayanta kore, kanta da ƙirjinta ruwan toka, fuskarta da baƙin zane kamar an ɗaura mata ƙyalle a ido, maƙogwaronta fari fat, da ɗan tabo mai duhu a ƙasansa kamar abin wuya. Wani likita ɗan Sikotilan mai suna William Serle, wanda ya yi aikin asibiti a Najeriya da Kamaru zamanin mulkin Turawa, shi ya fara bayyana ta ga masana a 1951. Daga nan ba a sake samun labarinta ba sai 1989. Shekara kusan arba'in ke nan tana cikin dajinta ba wanda ya rubuta ya gan ta. Daga baya an same ta a duwatsun Bakossi da ke maƙwabtaka, an kuma gan ta a ɓangarenmu, cikin gandun dajin ƙasa na Kuros Riba. Ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa ta a rukunin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu. Akwai wata maƙwabciyarta mai farin maƙogwaro da ke yawo garke-garke a Kupe da tsaunin Obudu, wadda Serle ya sa wa suna gilberti don girmama Gilbert Nkwocha, ɗan Najeriyan da ya yi shekaru yana taya shi tattara tsuntsaye. Ina son a riƙa faɗa wa ɗalibai wannan, su san akwai sunan ɗan ƙasarsu a cikin littattafan ilimin nan tun kafin a ba mu mulkin kai.

To yanzu ga amsar yaron. Abu na farko da za ka nuna masa shi ne dajin kan dutse tsibiri ne, ko da babu ruwa kewaye da shi. Duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Dutsen Kupe tsawonsa mita 2,064. A can sama gajimare yakan sauko ya kwanta cikin itatuwa, rassa su lulluɓe da gansakuka, ganye ba ya bushewa ko da rana tsaka. Ƙwarin da ke rayuwa cikin wannan danshi daban ne da na gindin dutse, itatuwan daban, har cututtukan ma daban. Sudar Kupe ba ko'ina a dutsen take zama ba. Tana da ɗamararta, daga wajen mita 900 zuwa 1,500, cikin tsohon daji mai inuwa wanda ƙasansa ba cunkushe yake ba. In ta sauka ƙasa, zafi da gonakin koko ne, da wasu tsuntsayen da suka riga suka mallaki wurin. Duwatsun da ke da irin wannan daji kuwa a warwatse suke cikin wani jerin tsofaffin duwatsu masu aman wuta da ya taso daga tsibirin Biyoko, ya bi ta Dutsen Kamaru da Kupe da Manenguba da tsaunukan Bamenda, ya miƙo reshe zuwa Obudu da Mambila. Tsakanin wannan da wancan akwai tafiya mai nisa ta cikin ƙasar da ba tata ba. A zamanin da duniya ta fi yanzu sanyi, shekaru dubbai da suka wuce, itatuwan kan dutse sun sauko ƙasa sun fi haka yaɗuwa. Da zafi ya dawo suka janye sama, tsuntsayensu suka bi su, kowane rukuni ya maƙale a kan dutsensa. Shi ya sa za ka ga tsuntsu a dutse biyu ko uku kaɗai a faɗin duniya.

Abu na biyu shi ne fiffiken kansa, kuma nan ne gani ya kori ji. Na yi aiki a dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila a jihar Taraba, kusa da ƙauyen Yelwa, a kan hanyar da ta hau daga Mayo Selbe ta nufi Nguroje da Gembu. Mukan kafa raga mai laushi kamar gashi tun kafin gari ya waye, mu kama tsuntsaye, mu auna su, mu sa musu ɗan zobe mai lamba a ƙafa, mu sake su. Sanyin asubar wurin yakan sa yatsu su ƙage, sai ka hura su kafin ka iya kwance zaren daga ƙafar tsuntsu. In ka riƙe tsuntsun ƙasan daji a hannu, kansa tsakanin yatsunka biyu, zuciyarsa tana bugawa a tafinka, ka buɗe fiffikensa, za ka ga gajere ne mai zagaye kamar maficin kaba. Ka kwatanta da na tsattsewa, dogo siriri kamar lauje. Gajeren fiffike na kurɗawa ne tsakanin rassa, daga wannan reshe zuwa wancan, tsalle biyu uku. Idanunsa manya ne, na duhun inuwa. Wata safiya na ɗauki ɗaya na fita da shi bakin daji don in sami haske in karanta lambar zobensa. Da na buɗe hannu, ga fili shimfiɗe a gabansa, ga wani guntun kurmi ana hango shi a ƙetaren kwari, amma sai ya juyo ta gefen kunnena ya faɗa cikin duhun da muka fito. Mun sha kama tsuntsu ɗaya a raga ɗaya, a wuri ɗaya, bayan shekara ta zagayo.

An gwada wannan da gangan a ƙasar Fanama, aka buga sakamakon a 2008. Masu binciken sun kama tsuntsayen ƙasan daji iri goma, suka shiga da su tafkin Gatun cikin jirgin ruwa, suka sake su a nisan mita 100, da 200, da 300 daga gaɓa. Wasu sun isa ba wahala. Wasu kuwa ko mita 100 ba su iya ci ba, suka faɗa ruwa sai da aka tsamo su. Mita 100 fa, tsawon filin ƙwallon makarantarku. Ka fita da ɗalibanka filin, ka tsayar da su a raga ɗaya, ka nuna musu ɗayar, ka ce akwai tsuntsu lafiyayye da ba zai kai can ba. Ina ganin wannan zai zauna musu fiye da duk abin da za ka rubuta a allo.

Ko da a ce ta iya ƙetarewa, akwai abu na uku: dajin da za ta je ba kango ba ne. Irin waɗannan tsuntsaye miji da mata suke kama yanki, su riƙe shi shekara da shekaru, kuma waƙar da muke jin daɗinta shela ce ta mallaka. Kowane yanki mai kyau yana da masu shi. Baƙuwar da aka sare wa gida sai dai ta raɓe a gefe, inda abinci ya yi ƙaranci kuma shaho yake gani sarai. Ba za ka tarar da gawarta ba. Za ta yi shekara ɗaya ko biyu ba ta ƙyanƙyashe ba, sannan wata rana a daina jin ta. Wannan ne ya sa ƙarewar tsuntsayen daji take zuwa a makare, kuma take ruɗin mutane. Ana sare rabin daji a ga tsuntsayen suna nan, a ce ai ba abin da ya faru, alhali tsofaffi ne ke ƙarasa kwanansu ba magada.

Yadda dajin yake tafiya kuwa, mutane sun fi hango zarto da manyan motoci. Akwai wannan. Amma abin da na gani da idona a Mambila ya fi haka shiru. An keɓe Ngel Nyaki tun 1969, faɗinsa murabba'in kilomita 46, amma ainihin rufaffen dajin bai wuce kamar 7 ba, sauran ciyawa ce da 'yan kurame a bakin rafuka. Kowane rani ana cinna wa ciyawar wuta don sabuwa ta tsiro wa shanu. Wutar takan zo har bakin daji ta lashi itatuwan gefe. Ba ta cinye su a shekara ɗaya. Tana ƙona ɓawo, bishiya ta raunana, ta faɗi bayan wuta ta uku ko ta huɗu. Rana ta shiga inda ba ta taɓa shiga ba, gansakuka ta bushe, ciyawa ta kutsa, baɗi wutar ta sami abin ci a taku goma cikin daji. Shanu kuma suna shiga neman inuwa da ruwa, su tattake 'ya'yan itatuwan da za su gaji manya. Na taɓa durƙusawa a wani kurmi da shanu ke kwana ciki, na nemi dashe ko ɗaya mai tsawon gwiwa a ƙarƙashin manyan itatuwa, ban samu ba. Sama kore shar, ƙasa sai kashin shanu da taɓon kofato. Daga nesa kurmin lafiya lau yake, amma ya riga ya daina haihuwa. A Kupe kuma gonakin koko da kofi da gwaza da ayaba ne ke hawa dutsen taki-taki, ga masu yankan katako, kuma daidai ɗamarar da sudar take zama nan ne gonakin suke dosa. A kan wannan duka ga ɗumamar yanayi tana tura sanyin sama, dutse kuwa yana da ƙarshe.

Ba na son ka koya wa yaran cewa makiyayi ko manomi mugu ne. Na sha nono a rugagen Mambila, na kwana a gidajen manoman Yelwa. Wanda ya cinna wuta shanunsa yake ceto daga yunwar rani. Wanda ya share gona bakin kurmi a nan ƙasa ta fi danshi, kuma yana da bakunan ciyarwa. Duk wani shiri da ya fara da zagin waɗannan mutane ya mutu tun ba a haife shi ba. Abin da na ga yana aiki a Ngel Nyaki ƙarami ne a ido. Akwai tashar bincike da Dakta Hazel Chapman ta jami'ar Canterbury a Niyu Zilan ta assasa, kuma yawancin ma'aikatanta 'ya'yan ƙauyukan wurin ne. Sukan kewaye wani yanki na ciyawa a bakin daji da shinge don hana shanu, su share hanya kewaye da shi kafin lokacin wuta, su reni dashen itatuwan asalin wurin su shuka. Bayan 'yan shekaru sai ka ga ƙananan itatuwa sun tsaya, tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace sun fara sauka a kansu suna zubar da iri, dajin ya soma tafiya gaba maimakon baya. A dajin Kilum-Ijim na Dutsen Oku a Kamaru, tun 1987 aka fara aiki da sarakuna da ƙauyuka suka shata iyakar daji da kansu, kuma farar zumar da ake samu daga furannin dajin ta zama abin kasuwa. Mai amya a daji shi ne farkon wanda zai fito da ganye a hannu in ya hango hayaƙi.

Batun keji, Malam, na fahimci inda ka dosa, domin mu mutanen kiwon tsuntsu ne. Amma kanari ƙwaya yake ci, ka zuba masa gero ko acca ka sa ruwa, ya rayu har ya yi maka waƙa. Sudar daji mafarauciya ce. Tsutsa da fara da gizo-gizo masu rai take tsinta cikin ganye daga safe zuwa yamma, a cikin sanyi da danshin da ba za ka iya yi mata a Daura ba ko a watan Agusta. Sannan tsuntsun da ya rage kaɗan, duk ɗaya da ka cire daga daji ka rage masu haihuwa. Akwai kuma abin da keji ba ya bayarwa ko an kashe dukiya. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ilimi ya tabbatar da maganar fiye da yadda ake zato: yawancin tsuntsaye masu waƙa koyonta suke yi daga manyansu, kamar yadda yaro ke koyon harshe. A Ostireliya akwai wani tsuntsu mai shan ruwan fure da ya ragu ƙwarai, har aka tarar wasu samarinsa a daji suna rera waƙar wasu tsuntsaye daban don ba su sami manyan da za su koya daga gare su ba, waɗanda aka rena a keji kuma waƙarsu ta bambanta da ta daji. Matan ba su cika kula irin waɗannan ba. Ana yin kiwon keji a matsayin dabara ta ƙarshe, da kuɗi masu yawa da ƙwararru, kuma ko ya yi nasara sai an sami dajin da za a mayar da tsuntsun. In dajin ya tafi, me aka ajiye?

Saura tambayarka ta ƙarshe. Ba zan ce maka ruwan rijiyar Kusugu daga Mambila yake zuwa ba. Rafukan can Binuwai suke ciyarwa, ta kogin Donga da na Taraba, kuma masu noma da masunta na can ne za su fara jin jiki in kuramen kan dutse suka bushe. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ka tambayi duk wani dattijo a Daura yaushe rabonsa da ganin gauraka a fadama. Tsuntsun da ake ajiyewa a gidajen sarauta don kwarjininsa, yau da ƙyar ake ganinsa a dajin Najeriya, saboda kamu da kuma fadamun da suka koma gonaki. Ka je mahauta ka ɗaga kai. Ina ungulayen da ke jeruwa a kan katanga muna yara? Tun 2015 IUCN ta sa irin ungulun nan ta gari a rukunin da ke dab da ƙarewa. Waɗannan fa masu dogon fiffike ne, masu iya ƙetare ƙasashe, kuma ba su tsira ba. Mu ma muna da namu tsibiran: 'yan kuramen bakin rafi, tsofaffin itatuwan maƙabarta, abin da ya rage na dajin Rugu. Buhunan gawayin da ake saukewa a kasuwanninmu kuma daga dajin wasu aka ƙono su. Ni dai ko babu wannan lissafi duka, abin yana taɓa ni ta wani wajen. Allah ya gaya mana a Suratul An'am, aya ta 38, cewa tsuntsayen da ke tashi da fikafikansu al'ummomi ne kamarmu. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauke wa wata 'yar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, ta zo tana kaɗa fiffike a kansu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da su. Tsuntsuwa ɗaya ke nan da 'ya'ya biyu. Ina ga al'umma sukutum da ba ta da wani gida a bayan ƙasa sai duwatsu 'yan ƙalilan?

In yaron nan ya ci gaba da irin tambayoyinsa, ka sanar da shi akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, tun 2001 take horar da 'yan Afirka ta Yamma. Su ne kuma ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda kowa zai iya shiga da wayarsa, kuma bayanan da za su fito daga yankinmu suna da daraja. Kafin nan, ka jira ruwa ya sauka sau biyu ko uku, sabara ta yi ganye. Ka fita da su bayan sallar asuba zuwa bakin gonakin bayan gari, kowa da littafi da biro, ka ce kada wanda ya yi magana na minti goma. Za su ji kurciya da farko, sannan ragon maza daga cikin duhuwa. Suda takan ɗan jinkirta. In ta tashi sama tana karkaɗa fiffike, ta sauko tana fito, su rubuta lokacin, da irin itacen da ta sauka a kai, da taku nawa ne daga nan zuwa duhuwa ta gaba. Baɗi war haka ku koma wurin da littafin.